Kundin Aiki: Kwafin Dokin Géricault na 1812

6 ga Janairu

Aikin da muka sa a gaba shi ne kwafin zanen da mai zanen Faransa Théodore Géricault ya yi na wani hafsan sojan doki daga cikin dogaran Napoleon. Ya kai shi baje kolin Salon na birnin Faris a 1812, yana ɗan shekara 21, kuma aka ba shi lambar zinariya. Asalin zanen yana gidan tarihi na Louvre, tsayinsa santimita 349, faɗinsa 266. Ɗakinmu ba zai ɗauki wannan girman ba, don haka muka rage girmansa zuwa kashi ɗaya cikin uku: santimita 116 a tsaye, 89 a kwance.

Abin da muke nema a kwafin nan guda ɗaya ne: mu gane da hannu, ba da karatu ba, yadda aka yi doki a kan kyalle ya zama kamar zai diro cikin ɗaki. Shekara goma sha ɗaya kafin wannan zanen, Jacques-Louis David ya zana Napoleon yana haye tsaunukan Alps a kan dokin da ya yi tabariya. Dokin David kyakkyawa ne, amma a gicciye yake, kamar gunkin da aka kafa a dandali. Na Géricault ya ba mu kuturi, ya nufi cikin hayaƙin yaƙi ta dama, shi kuwa mahayin ya murɗa jiki ya waiwayo hagu da takobi a ƙasa. Doki ya yi gabas, mutum ya yi yamma. A wannan murɗawar ran zanen yake.

Yau an haɗa firam na katako mai kaurin santimita 2 da faɗin 6, an ja kyallen lilin mai matsakaicin saƙa. Ana fara kafe shi daga tsakiyar kowane gefe, a bi zuwa kusurwa, tazarar santimita 5 tsakanin ƙusa da ƙusa. An jiƙa gam ɗin fatar zomo, giram 70 a lita ɗaya ta ruwa, zai kwana.

9 ga Janairu

An narkar da gam a kwano cikin tukunyar ruwan zafi, ba a bari ya wuce digiri 60 ba, domin idan ya tafasa ƙarfinsa ya tafi. Shafi biyu, kwana ɗaya tsakaninsu. Amfaninsa shi ne ya raba zaren lilin da mai, don man fenti yana cin zare a hankali har kyalle ya ruɓe.

Matsala ta fito da safe. Iskar hunturu ta bushe ƙwarai, gam ya tsuke, ya ja kyalle da ƙarfin da firam ɗin bai iya ɗauka ba, kusurwar sama ta dama ta ɗago daga bango da kusan santimita 2. An cire ƙusoshin gefe biyu, an sa sandar gicciye a tsakiyar firam ta baya, an sake ja da ɗan sassauci. Kuskuren tun a jan farko yake: kyallen da za a sa wa gam ba a jansa kamar fatar ganga, gam ɗin ne zai ƙarasa jan.

12 ga Janairu

An shafa farin ƙasa, wato shafin share fage da zanen zai zauna a kai: farin fenti, garin alli, da ɗan jan ƙasa kaɗan don ya kashe hasken farin. Shafi biyu marasa kauri da wuƙar fenti. Za a bar shi sati uku. Kafin nan sai nazarin doki a takarda.

20 ga Janairu

Kwana takwas ke nan ana zanen gawayi kawai, kuma nan ne aka fara karo da abin da zai dame mu har ƙarshe.

Ma'aunin da masu zanen dawaki na Faransa suka gada daga Claude Bourgelat, wanda ya kafa makarantar likitancin dabbobi ta Lyon a farkon shekarun 1760, yana ɗaukar tsawon kan doki a matsayin mudu. Daga ƙasa zuwa doron kafaɗa kai biyu da rabi, daga ƙirji zuwa ƙarshen kuturi ma kusan haka. Mun ɗora wannan mudu a kan hoton zanen, bai zauna ba. Wani ɓangare na rashin zaman daidai ne, tunda dokin ya juya mana baya, dole kuturi ya yi girma, kai ya ƙanƙance. Amma ƙafafun baya wani zance ne daban. Dokin da ya yi tabariya na gaske yana shigar da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa don su ɗauki nauyi. Duk wanda ya tsaya kusa da masu hawan salla ya ga haka. A nan kuwa ƙafafun sun buɗe, ɗaya ta miƙe can baya. Dokin da ya tsaya haka ba zai daɗe ko ƙiftawar ido ba: ko ya yi tsalle gaba, ko ya faɗi.

Ba rashin sani ba ne. Géricault mahayi ne tun yana yaro, ya yi koyo a wurin Carle Vernet, wanda sana'arsa zanen dawaki ce, kuma ya sha zama a bargar sarauta ta Versailles yana zana dawaki daga ido. Da gangan ya zaɓi lokacin da doki ba shi da wurin tsayawa. Mun rubuta wannan a jikin bango don kada hannu ya manta.

Abubuwa uku da aka yi ta maimaitawa a takarda: gaɓar da mutane ke kira gwiwar baya, wadda a ƙirar ƙashi dunduniya ce, shi ya sa take lanƙwasa ta baya, kafaɗa, wadda babu ƙashin da ya haɗa ta da ƙirji kamar a jikin mutum, domin doki ba shi da irin wannan ƙashi, tsoka ce ke ɗaure ta, don haka tana zamewa a kan haƙarƙari idan ƙafar gaba ta ɗaga, sai kofato idan an hango shi daga ƙasa.

3 ga Fabrairu

Farin ƙasa ya bushe, farce ba ya shiga. An ja gida-gida na santimita 10 da gawayi, farawa daga kusurwar ƙasa ta hagu. Kowane gida yana daidai da santimita 30 a asalin zanen. Gida takwas da ɗoriyar santimita 9 a kwance, goma sha ɗaya da ɗoriyar 6 a tsaye. An kwashe zanen gida bayan gida, aka bi layin da ruwan fenti mai launin ƙasa, sannan aka kaɗe gawayin da tsumma. Gawayin da aka bari yana haɗuwa da fenti ya dusashe shi, musamman fari.

Launukan da aka zaɓa su ne waɗanda mai zane a Faris zai samu a 1812: farin dalma, rawayar Naples, rawayar ƙasa, jan ƙasa, ƙasa-ƙasar amba ɗanya da ƙonanniya, baƙin ƙashi, shuɗin Prussia, da jan saiwar madda. An fitar da shuɗin ultramarin na masana'anta, don sai a ƙarshen shekarun 1820 aka fara yin sa. Wuri biyu muka kauce. Jan bamiliyan na da, da zaiba ake yin sa, mun maye gurbinsa da jan kadmiyam da aka rage wa kaifi da jan ƙasa. Na biyu kwalta ce. Masu zanen wancan zamani sun so ta saboda duhunta mai zurfi da ɗumi, amma ba ta bushewa har abada, tana tattarewa tana tsagewa, kuma ita ake ɗora wa laifin baƙin da ya ci wasu sassa na babban zanen da Géricault ya yi a 1819 na waɗanda suka tsira daga hatsarin jirgin ruwan Méduse. Amba ƙonanniya da baƙin ƙashi da ɗigon madda sun ba mu kusan wannan duhun.

Farin dalma guba ne. Safar hannu, ba a ci ba a sha a wurin aiki, ba a goge shi da samfefa a bushe. Tub biyu kawai muke da su, an ware su don jikin doki.

5 ga Fabrairu

Shimfiɗar farko, wadda a ɗakunan koyon zane na Faris ake kira ebosh. Amba ɗanya, mai kashi ɗaya, tafentin (ruwan tsinka fenti) kashi uku, ruwa-ruwa kamar shayi. Ba a sa fari ko kaɗan. Inda ake son haske sai a goge da tsumma har ƙasa ta leƙo. Awa huɗu aka yi. Amba tana bushewa da wuri saboda sinadarin manganis da ke cikinta, gobe za a iya taɓawa.

Da launi ɗaya tak, dokin ya riga ya motsa. Layin da ya taso daga kofaton baya na hagu ya ratsa kuturi da baya ya fita ta kai, sai takobi da hannun mahayi suka ja ido suka komar da shi baya. Wannan shimfiɗar ta fi duk zanen gawayin da muka yi rai.

11 ga Fabrairu

An yi sararin baya kafin doki, don a san irin duhun da farinsa zai zauna a ciki. Hayaƙi: baƙin ƙashi, amba, fari, da ƙwayar shuɗin Prussia. A kiyayi wannan shuɗin, abin da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya rina cokali guda na fari. Wajen wutar yaƙi kuwa jan ƙasa da rawayar Naples, an ja su da busasshen burushi.

Ƙura ta shigo da dare ta zauna a kan ɗanyen fenti, musamman inda baƙin ƙashi ya yi yawa, domin shi ne ke daɗewa bai bushe ba. Ba a goge ta a ɗanye. An jira kwana uku, aka bi da tsumma mai ɗan danshi. Daga yau zane yana kwana fuskarsa na kallon bango, a jingine, da zani a rataye a bayansa.

19 ga Fabrairu

Jikin doki, kuma mako mafi wuya zuwa yanzu.

Dokin hurde ne, fari mai dabbare-dabbaren toka. An haɗa toka kala biyar a kan allo kafin a taɓa kyalle, daga farin dalma da ɗigon rawayar Naples don inda haske ya bugi kuturi, zuwa toka mai duhu da amba don ƙarƙashin ciki. Mai kashi ɗaya, tafentin kashi biyu. Farin dalma ya nuna dalilin da ya sa aka ware shi: yana da yauƙi, yana bin gashin burushi ya bar sawu, kuma yana barin launin ƙasa ya ɗan leƙo ta cikinsa. An gwada farin titaniyam a gefen wani kyalle don kwatanci, ya fito da sanyi, ya rufe komai kamar farar ƙasar bango.

Kuskure na farko a dabbaren aka yi. An bar jiki ya bushe, aka zo aka ɗiga tabo masu duhu a kai. Sakamakon ya zama damisa biyu a zane ɗaya, tunda shimfiɗar sirdin hafsan ma fatar damisa ce. Dabbaren hurde ba tabon duhu ba ne a kan fari. Tabon haske ne, duhu ya kewaye shi kamar raga, kuma gefensa ba shi da kaifi. Gyara: an shafa toka mai matsakaicin duhu, tun tana ɗanya aka dangwala haske a ciki da burushi mai zagayen baki, aka ɗan murza. Dabbaren kuma dole su bi lanƙwasar jiki, su yi zagaye a tsakiyar kuturi, su matse su zama siriri inda cinya ta juya. Su ne ke gaya wa ido cewa wurin nan a cike yake da tsoka.

Kuskure na biyu ya fi tsada. Duk da abin da aka rubuta a bango, garin gyaran inuwa ƙafar baya ta matso ciki da kusan santimita 3, wuya kuma ya ƙara kauri, domin hannun da ya saba da dokin gaske can yake komawa. Kowane gyara shi kaɗai daidai yake. Da aka ja baya taku biyar aka duba, sai ga doki ya samu wurin tsayawa: lafiyayye, mai ƙira, a natse, ba inda za shi. Garin gyaran gira an rasa ido. An kankare ƙafar da wuyan da wuƙa tun fenti bai kama ba, aka maido da layin gida-gida da zare, aka sake ɗora su inda Géricault ya ajiye su. Kwana biyu da kusan rubu'in tub na farin dalma suka tafi a nan.

24 ga Fabrairu

An dakata da babban kyalle don ƙafar ta sha iska. An yi ƙananan gwaji biyu a kan kwali mai santimita 30 da 40.

Na farko daga zanen sukuwar Epsom da Géricault ya yi a Ingila a 1821. Dawaki huɗu, kowanne ya miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, babu kofato ɗaya a kan ciyawa. Doki ba ya sukuwa haka. Hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a Palo Alto ta Amurka a 1878 sun nuna cewa lokacin da ƙafafu huɗu suke sama, a tattare suke ƙarƙashin ciki. Mun zana doki ɗaya yadda Géricault ya yi, ɗaya kuma yadda kyamara ta nuna, a kan kwali ɗaya. Na kyamara ya yi kama da wanda aka rataye da igiya. Na Géricault shi ne ke gudu. Ido ba ya ganin ɗaƙiƙa ɗaya ta sukuwa, jimillarta yake gani, kuma jimillar miƙewa ce.

Na biyu daga dawakin da wani mai zanen Faransa, Eugène Delacroix, ya yi ta zanawa bayan tafiyarsa Maroko a 1832. Waɗannan ba baƙi ba ne a idonmu: dawakin Barbar ne, masu gajeren baya da zubabben kuturi, dangin waɗanda fatake suka ratso Sahara da su, ga sirdi mai tudu gaba da baya da faffaɗar likkafa. Darasin da ke wurinsa na inuwa ne. Delacroix ba ya dogara da baƙi da amba kaɗai, yana jera kore da shuɗi da ja gefe da gefe a cikin inuwa, ido ya haɗa su daga nesa. Dabara ce mai daɗi, amma ta bayan 1812 ce, ba za mu shigar da ita cikin kwafin nan ba. Inuwar Géricault a wannan zanen ta ƙasa ce da hayaƙi.

4 ga Maris

Kan doki. Awa biyu da rabi, zama ɗaya, kuma an yanke shawarar ba za a koma masa ba.

Dalilin saurin shi ne Géricault kansa cikin 'yan makonni ya gama wannan ƙaton zane don ya riski Salon, kuma sawun burushinsa a geza da wutsiya ja ɗaya ne, ba a lallaɓa ba. Gashin da aka zana ɗaya bayan ɗaya igiya yake zama. An ɗauki burushi mai gashin alade, faɗin santimita 1, aka cika shi da fenti kala biyu ba a gauraya ba, aka ja daga tushen geza zuwa waje da dukan hannu tun daga kafaɗa. Tunda mun rage zanen kashi uku, an rage faɗin burushi ma kashi uku. In ba haka ba sawun zai yi wa dokin girma.

Ido: farin ido yana bayyana ne idan doki ya firgita, kuma ba fari ba ne sol, toka ce mai ɗan ja. Ɗigon haske ɗaya tak. Hanci a buɗe, da jan ƙasa da madda a ciki, domin doki ta hanci kaɗai yake numfashi, duk wahalarsa a nan take fitowa. Baki a buɗe saboda linzami ya ja shi.

13 ga Maris

Mahayi. Wanda aka zana abokin Géricault ne, Laftanar Alexandre Dieudonné. Lokacin da mutanen Faris suke kallon zanen a ƙarshen 1812, rundunar Napoleon tana janyewa daga Mosko cikin ƙanƙara, kuma Dieudonné bai dawo daga wannan yaƙi na Rasha ba. Sanin haka yana canza yadda ake riƙe burushi a fuskarsa. Fuskar ba ta ihu, ba ta fushi. Duk firgicin yana jikin doki, mutumin kuwa kamar hankalinsa ya tafi wani wuri. A gwajin farko mun ɗaure masa gira don ya yi kama da mai kai hari, sai ya zama sojan kowane zane. An sassauta girar, aka bar ido a inuwar hular gashi.

Adon zinariya na riga babu zinariya a ciki. Kala uku ne: amba da rawayar ƙasa a ƙasa, rawayar ƙasa zalla a tsakiya, sai rawayar Naples da fari, mai kauri, a ɗiga a inda haske ya buga kawai. Idan aka bi kowane zare da haske, ƙyallin ya mutu.

Jan mayafin kafaɗa ya ba da matsala. An shafa madda mai shara-shara, mai ɗaya tafentin ɗaya, a kan jan da ya kwana huɗu kacal. Sama ya bushe, ƙasa bai bushe ba, kuma man ya yi yawa, da safe wurin ya tattare kamar fatar madarar da aka dafa. An kankare faɗin tafin hannu, an sake shimfiɗa jan. Wannan karon sai ya yi kwana goma, kuma za a gwada da yatsa a gefe kafin a ɗora komai.

22 ga Maris

Zafi ya shigo, fenti yana kamawa a kan allo kafin azahar, don haka ana haɗa kaɗan-kaɗan. Duhun sararin baya ya dusashe a wurare, ya zama kamar toka, saboda ƙasa ta shanye man. An shafa man lilin ɗan kaɗan da tsumma, aka goge shi har sai da ya kusa ƙarewa, launi ya dawo. Ba a bar mai ya kwanta ba, don zai yi rawaya nan gaba.

Abin da ya rage: madda a kan mayafi ranar 24 idan jan ya bushe; tabon fatar damisa da ke ƙarƙashin sirdi; ƙarfen linzami da likkafa; takobi, wanda ake so a ja shi da ja ɗaya a kan sandar jingina hannu; da igwar da ke cikin hayaƙi ta dama, wadda har yanzu shimfiɗar farko ce kawai. Kofaton baya na hagu ma bai gamsar ba, ya yi nauyi, kamar an dasa shi a ƙasa, alhali ya kamata a ji yana gab da barinta. Za a gwada rage duhun da ke ƙarƙashinsa da ɗan ƙurar rawayar ƙasa kafin a taɓa siffarsa. Banish, shafin ƙarshe mai sheƙi da ke kare zane, sai bayan wata shida, wato ƙarshen Satumba, bayan damina ta ɗauke.